Lambun Goggo: Dashen Jami'a, Farin Ƙuda da 'Ya'yan Dogon Yaro

Bayan ɗakin Goggona, a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi, akwai wani fili da tsawonsa bai wuce taku 12 ba. Shekara da shekaru ba abin da ke cikinsa sai turken akuya da tarin itacen girki. Da mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, cefane ya fara yi mata nauyi, sai ta ce tana so ta gwada ko kayan miyarta za su fito daga nan, tunda ga rijiya a gidan. Abin da zan kawo labarin rani ɗaya ne na wannan fili, daga ranar da muka sayo dashe har zuwa lokacin da zafin bazara ya rufe aikin. Kusan kullum nakan biya gidan bayan la'asar, don haka abin da na faɗa da idona na gan shi.

Farkon hunturu ne wani abokin aikina ya gaya mini cewa sashen koyar da aikin lambu na ɗaya daga jami'o'in jiharmu zai sayar da dashen da ɗalibai suka rena a darasinsu. Na ɗauki Goggo muka tafi. Ƙarƙashin wata rumfar raga aka jera kayan: baƙaƙen ledoji ɗauke da mangwaro ɗan aure, wasu ma ɗaurin auren bai kwance ba, ga gwaba, ga lemun tsami, ga gwanda da zogale. A ɗaya gefen kuma tumatir ne da tattasai da tarugu da kabeji da latas, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Yawancin masu saye ma'aikata ne da matan gida, kuma ganye suke kallo, wanda ya fi kore da tsawo shi suke nunawa. Wani tsoho ne kawai, da gani ka san manomin fadama ne, na ga ya kife leda a tafin hannunsa ya zare tsiron da ƙasarsa, ya tsura wa saiwar ido. Fara ce tas, babu ƙulli-ƙulli a jikinta. Sai da ya mayar da ita sannan ya tambayi kuɗi.

Ɗalibar da ta sayar mana, kafin ta miƙa kowane tsiro sai ta juya ganyensa ta duba. Goggo ta tambaye ta abin da take nema. Ta ce, "Hajiya, ƙarƙashin ganye za ki riƙa dubawa. Ƙwaro ba ya zama inda rana ke dukansa." Muka ɗauki tumatir 30, tattasai 10, tarugu 10, kabeji 15, da mangwaro ɗaya da lemun tsami ɗaya. Ta ƙara mana gyara da ɗaɗɗoya da wani fure ruwan ɗorawa mai wari da suke kira marigol. Goggo ta ce, "Ɗiyata, wanga fure mi zan yi da shi? Ba a miya da shi." Yarinyar ta yi mata bayani cewa akwai wasu tsutsotsi a ƙasa da ido ba ya gani, su ke sa saiwar tumatir ƙulli har tsiron ya tsumbure, kuma saiwar wannan fure na rage su idan aka yawaita shuka shi a wurin. Ta rubuta lambar wayarta a bayan rasit. Wannan rasit ɗin shi ne abu mafi amfani da muka baro wurin da shi.

Da yamma muka yi dashe, bayan rana ta yi sanyi, kamar yadda ta ce, muka bar tazarar kamu ɗaya tsakanin tumatir da tumatir. An riga an zuba ruɓaɓɓen takin awaki a fangalan. Goggo ta zagaye wurin da zana saboda kaji, ta rufe kabejin da wani yagaggen gidan sauro da ya gama aikinsa a ɗaka, saboda ƙadangaru. Cikin kwana 4 duk suka miƙe, biyu kawai suka mutu.

A mako na biyu wata maƙwabciya ta dawo daga kasuwa da dashen tumatir a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ta ɗebi guda 10 ta ba Goggo. Alheri ne, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. Aka cike gurbin biyun da suka mutu, sauran aka dasa su a bakin fangali na ƙarshe. Ba wanda ya juya ganye ko ɗaya. Ba zan rantse cewa daga nan ɓarnar ta shigo ba, domin farin ƙuda yana tashi, iska ma tana kawo shi. Amma a wannan fangalin aka fara ganinsa, kuma waɗannan tsirrai ne suka fara nuna cuta.

Wata yamma na taɓa tumatir da gwiwata ina wucewa, sai wani farin abu ya tashi kamar an kaɗe buhun gari, ya sake sauka. Na juya ganyen. Ƙarƙashinsa cike yake da ƙananan fararen ƙudaje da ba su kai ƙwayar gero ba, ga wasu 'yan falle-falle manne da ganyen ba sa motsi, ashe 'ya'yansu ne. A tattasai da kabeji kuma darɓa ce, wato wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari, ta kama sababbin ganye, kore-kore da toka-toka a cunkushe, ganyen yana danƙo a hannu, kiyashi na hawa da sauka a kara. Dukansu biyu tsotsar ruwan tsiro suke yi, su zubar da wani ruwa mai zaƙi. Shi ne kiyashi ke bi, har ma yakan kori duk ƙwaron da ya zo cin darɓar. A kan wannan zaƙin ne kuma wani baƙin fumfuna ke fitowa ya rufe ganye kamar kunkunniya.

Goggo ta yi abin da kusan kowa zai yi a unguwar. Ta aiki yaro ya sayo fiya-fiya a ƙaramar kwalba wadda ba rubutu a jikinta, aka zuba a bokitin ruwa da ƙiyasi, aka yayyafa da tsintsiya da rana tsaka a fangalan tattasai da kabeji. Washegari darɓa ta zube, Goggo ta ji daɗi. Amma gefen ganyen ya ƙone, kuma a ƙasa na tsinci wasu ƙwari jajaye masu ɗigon baƙi a baya, zagayayyu kamar ɓarin wake, duk matattu. A lokacin ban san darajarsu ba. Kafin kwana 10 darɓar ta dawo, ta fi ta farko yawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda aka yi wa bayani. Darɓa a ƙasa mai ɗumi ba ta jiran namiji, haihuwa take yi kai tsaye, kuma wadda aka haifa yau cikin mako guda ita ma ta fara haihuwa. Jan ƙwaron nan kuwa, wanda ke cin gommai daga cikinsu a rana, sai ya yi makonni kafin ya hayayyafa. Guba ba ta bambance mai ci da wanda ake ci. Idan ta share su duka, 'yan kaɗan da suka tsira daga darɓar su ke fara dawowa, su tarar da fili babu mai tsaro. Ga kuma abin da ya fi damuna: galibin abin da ake sayarwa da sunan fiya-fiya sinadarin diklobos ne, guba mai ƙarfi da ke shiga ta fata da numfashi. Saboda yawan burbushinsa ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. A gidan Goggo akwai jikoki uku da ke tsinkar tumatir su goge a riga su kai baki.

Na nemo rasit ɗin na kira ɗalibar. Ta zo ranar Asabar, ita da wata ƙawarta. Mun zaci magani za ta fitar daga jaka, sai ta tsuguna ta bi tumatir ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta ga sababbin ganyensa sun nannaɗe sama kamar cokali, sun ƙanƙance, gefensu ya yi ɗorawa, sai ta kafa tsinke a gindinsa. Guda 11 ta sa wa alama, 8 daga kyautar maƙwabciya, 3 daga namu na jami'a da ke kusa da su. Ta ce a tuge su duka.

Nan aka yi ja-in-ja. Goggo ta ce, "Haba ɗiyata, abin da na yi wata ina ba ruwa? Wasu har sun yi fure." Yarinyar ta ce, "Ki yi haƙuri Hajiya. Wannan ba ƙwaro ba ne, cuta ce ta shiga jikinsu, farin ƙudan nan ke ɗaukar ta daga wannan ya kai wa wancan. Ba ta da magani. In kin bar su ba za su yi 'ya'yan kirki ba, kuma za su kashe miki sauran." Goggo ta yi shiru, sannan ta ce in tuge, ita ba za ta iya ba. Muka zuba su a buhu a hankali don kada ƙudajen su watse, muka kai nesa muka binne. Ina ganin a duk ranin nan ba wani mataki da ya kai wannan muhimmanci, kuma shi ne wanda bai ci ko sisi ba.

Daga nan aka zo kan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, Kanawa kuma darbejiya. Itacen asalinsa daga Indiya da maƙwabtanta yake, zamanin Turawa aka kawo shi, yau kuma ba titin da za ka bi a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega ba ka sha inuwarsa ba. Kowa ya san ganyensa da ɗaci, shi ya sa Goggo ta ce bari ta sa a tsinko a dafa. Ɗalibar ta ce a'a. Ƙarfin maganin, wato sinadarin azadiraktin, a ƙwayar 'ya'yan ya fi taruwa, ganye kaɗan gare shi, kuma tafasawa na lalata shi. Ta zo da busassun 'ya'ya a leda daga waɗanda suka tara a makaranta.

Ga yadda aka yi, don na tsaya a kai. Aka zuba 'ya'yan a turmi aka sussuka a hankali har ɓawon ya fashe, aka sheƙe a faifai, aka tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko fumfuna. Ragowar ruwan ƙasa ce, tana wari kamar tafarnuwa. Ma'aunin shi ne giram 50 a kowace lita ɗaya ta ruwa, wato rabin kilo a bokiti mai lita 10. Goggo ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Yarinyar ta yi murmushi ta ce to a nuna wa idon sau ɗaya tukuna. Aka kai shagon bakin titi aka auna rabin kilo a sikeli, aka juye a wani tsohon kwanon sha, Goggo ta karce alama da ƙusa a daidai inda ya tsaya. Aka daka ya yi laushi, aka ƙulle a tsumma, aka jiƙa a bokiti ya kwana. Washegari ruwan ya koma kamar tsinkakken kunu. Aka matse, aka tace sau biyu don kada ya toshe bakin famfon feshi, aka narka ɗan sabulun salo kamar girman goro aka zuba domin ruwan ya kama ganye. Sai bayan la'asar sakaliya aka yi feshi, bakin famfon yana kallon sama, ana bin ƙarƙashin ganye. Hasken rana na kashe ƙarfin maganin da sauri, kuma da yamma zuma ta riga ta koma gida. Abin da aka haɗa a ranar ake ƙarar da shi, ba a ajiye wa gobe.

Kwana na biyu Goggo ta tare ni tun daga zaure. Ta ce, "Ɗan nan, ruwan banza ne. Je ka gani, suna nan daram." Gaskiya ta faɗa, darɓar na nan. Har ta fara maganar a koma wa kwalba. A nan ne nake zaton mutane da yawa ke yanke ƙauna da dogon yaro su ce ƙarya ce, domin sun saba da maganin da ke zubar da ƙwaro kafin a ajiye famfo. Shi ba haka yake aiki ba. Yana hana ƙwaro cin abinci, yana hana ƙananan su saɓa su girma, yana rage ƙwan da manyan ke yi. Mutuwar a hankali take zuwa.

Da na kira ɗalibar, ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta ce a zaɓi ganyen tattasai uku a ɗaura musu jan zare, kowace safiya Goggo ta juya su ta duba. Wannan dabarar ce ta riƙe ta. A kwana na huɗu ta lura cewa ba ƙananan da ke ƙaruwa. A na shida da yawa sun yi duhu sun bushe a manne, in ka hura sai su tashi kamar ƙaiƙayi. Sabon ganyen da ya fito a saman tsiron kuwa a miƙe yake, babu danƙo. Aka sake feshi bayan mako guda, aka ci gaba da haka sau huɗu.

Farin ƙuda ya fi taurin kai, don manyan na tashi su dawo. Don su aka yanka wata fasasshiyar jarka ruwan ɗorawa, irin ta man gyaɗa, gida shida, aka shafe kowane yanki da basilin aka kafa a sanda daidai tsayin tumatir. Launin ke jan su, su manne. Tarkon bai ƙarar da su ba, amma yana nuna ko suna ƙaruwa ko suna raguwa, kuma jikokin suka mayar da gogewa da sake shafawa aikinsu. Sau ɗaya aka yi kuskure: sabulun salo ya ƙare, aka zuba na gari na wankin kaya da yawa, ganyen tarugu ya babbake. Ya farfaɗo, amma ya ja baya da kusan mako biyu.

Wata safiya Goggo ta kira ni ta nuna mini wata baƙar halitta mai ɗigon ruwan lemo, doguwa kamar ɗan ƙaramin kada, tana yawo cikin ragowar darɓa a kabeji. Har ta ɗaga yatsa za ta murƙushe. Na ɗauki hoto na tura wa ɗalibar, ta amsa nan take cewa kada a taɓa, ɗan jan ƙwaron nan ne, kuma ya fi uwarsa ci. Muka tsuguna muna kallo ya kama darɓa ɗaya ya tsotse ya yar da fatar, ya matsa ga ta gaba. Daga ranar, in Goggo ta ga irinsa a fangali sai ta tsallake wurin ba ta fesa ko dogon yaron ba.

Ba duka aka ci nasara ba. Wajen watan Fabrairu, tumatir na tsakiyar 'ya'ya, sai ga wasu fararen tabo a ganye kamar an kankare naman an bar fata. In ka ɗaga ganyen ga rana za ka hango 'yar tsutsa a ciki. Wannan shi ne Tuta absoluta, wanda manoma da yawa ke kira sharon. Daga Kudancin Amurka ya fito, ya shiga Sifen a 2006, ya bazu har ya iso mu, kuma a 2016 ya yi wa tumatirin Arewa ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Uwar tsutsar kuwa, wani ɗan malam-buɗe-littafi ne ruwan toka mai yawon dare, tana iya yin ƙwai sama da 200. Tsutsar a cikin ganye take zama, don haka feshi, na kwalba ko na turmi, da ƙyar yake kai mata. Abin da muka iya shi ne tsinke duk ganyen da ya yi tabo kowace safiya a binne, da ajiye tasar ruwan sabulu da dare a rataya fitila mai caji a samanta. Da safe akan tarar da su a ruwan. Duk da haka sun huda 'ya'ya da dama, kuma ɗiban ƙarshe rabinsa na awaki ne.

Abin da ya fito daga filin ga shi. Kusan wata biyu Goggo ba ta sayi tumatir ba, har ta yanka ta shanya kauɗa. Tattasai da tarugu sun fi kowa albarka, sun ci gaba da bayarwa har Maris, lokacin da zafi ya haura digiri 40 fure ya fara zubewa. Kabeji 9 ne suka naɗe. Marigol ba zan ce ga abin da ya yi ba, sai dai da muka tuge tumatir a ƙarshe saiwar ba ta da ƙulli.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Wannan hanya tana cin lokaci da ƙarfi. Daka, jiƙo, tacewa, feshi duk mako, juya ganye duk safiya, duk wannan mai yiwuwa ne ga fili mai taku 12 da tsohuwa mai jikoki. Manomin albasa na Aliero da ke da kadada biyu ko uku, ga bashin taki da man injin ban ruwa a wuyansa, ba za a ce masa ya bi ganye ɗaya-ɗaya ba, kuma rashin adalci ne a zarge shi don ya ɗauki kwalba. Abin da yake buƙata daban ne: magani mai rajista da rubutu a jiki, ma'auni daidai, da sanin kwanakin da za a jira kafin a ɗiba. Amma lambun bayan ɗaki, inda mai feshi shi ne mai ci, ban ga hujjar shigar da fiya-fiya cikinsa ba.

Ga sassan jami'a da ke irin wannan ciniki kuma, dashensu mai kyau ne, wanda muka saya ya nuna haka. Sai dai mutane da yawa sun sayi irin abin da muka saya a ranar, kuma ba kowa aka rubuta wa lamba a bayan rasit ba. Da za a haɗa kowane ciniki da 'yar takarda da Hausa, boko da ajami, mai hoton farin ƙuda da darɓa da jan ƙwaron nan da ɗansa, da ma'aunin dogon yaro, da gargaɗin cewa ba ya kisa a rana ɗaya, da an ceci lambuna da yawa. A ajiye turmi da bokiti a gefen rumfar a nuna yadda ake yi. A sayar da busassun 'ya'yan a ƙulle kusa da dashen, domin da hunturu samun masu kyau wuya gare shi. Ɗaliban ma za su ƙaru, don abin da yarinyar nan ta koya wajen shawo kan Goggo ta yarda a tuge tumatir 11 ba a allo ake koyar da shi ba.

Da 'ya'yan dogon yaron ƙofar gida suka fara zuba, Goggo ta sa jikoki suna tsinto waɗanda jemagu suka cinye naman suka yar. Ta wanke, ta shanya a inuwa, ta zuba a kwando ta rataya a rumfa inda iska ke ratsawa, don a leda fumfuna suke yi. Maƙwabciyar nan ta sake kawo mata dashe bana. Ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye su a tsohuwar tasa bayan madafa, nesa da fangalan, ta ce sai sun yi mako tana juya ganyensu kafin su shiga. Mangwaron ya kai ƙugu, ya yi sabon toho ja.